Nasiha ga Samarin Gurugu a kan Ladabin Sauraro, da Misalin Faifan Osibisa na 1971

Ya ku 'ya'yana da jikokina, samari da 'yan mata na Gurugu da sauran unguwannin Sagnarigu har zuwa cikin garin Tamale, ku sani kunne amana ne daga cikin amanonin da Allah Ya damƙa wa ɗan Adam, kuma kamar yadda ido yake da ladabinsa, harshe yake da nasa, haka shi ma kunne yake da ladabin da in aka rasa shi, sai mutum ya wuni yana ji amma bai saurari kome ba. A wannan zamani naku, da kowane yaro yake tafe da waƙoƙin duniya kaf a cikin wayar da ke aljihunsa, yana bisa babur igiya na rataye a kunnensa, yana taɓa wannan waƙa ya tsallake zuwa waccan tun ta farko ba ta gama gaisuwa ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne haƙurin zama da abu guda har a kai ƙarshensa. Domin haka na ga ya kyautu in ɗauko faifai guda ɗaya, wanda ya girmi iyayen mafi yawanku, in yi muku bayanin yadda ake sauraronsa, da fatan wanda ya koyi ladabin a nan zai tafi da shi wajen karatu da wajen sana'a da zaman majalisar manya.

Kafin mu kai ga faifan, wajibi ne ku fahimci abin da ake nufi da faifai a wancan lokaci. Tun 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan garmaho, baƙi, mai faɗin inci 12, wanda yake juyawa sau 33 da sulusi a cikin minti ɗaya, kowace fuska tasa tana ɗaukar kiɗan kimanin minti 20, in ta ƙare sai a ɗaga allura a juya ɗaya fuskar. Wannan ƙaidi da na'ura ta gindaya shi ya tilasta wa makaɗa yin tunani mai zurfi a kan tsari, wato wace waƙa ce za ta buɗe, wacce za ta rufe fuskar farko ta bar mai sauraro da marmarin tashi ya juya faifai, wacce kuma za a yi sallama da ita. Har ya zama a farkon shekarun 1970 ana auna gwanintar makaɗan rok da faifai sukutum, yadda ake auna malami da littafin da ya wallafa. Misalinsa misalin batakarin Dagomba ne, wanda masaƙi yake saƙa shi siriri-siriri, sannan maɗinki ya jera ya haɗa. Wanda ya yanko siriri ɗaya ya riƙe yana iya yabon zarensa da rininsa, amma bai ga riga ba.

Shi kuwa kiɗan rok, ko da yake Turawan Ingila da na Amurka ne suka yi suna da shi, asalinsa daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka yake, jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun nan tamu, wasu daga cikinsu ma an bi da su ta kasuwar Salaga. A 1970 ƙungiyar Beatles ta watse, a watan Satumba na shekarar Jimi Hendrix, sarkin masu kaɗa jitar lantarki, ya rasu a Landan, samarin Turai kuma suna ta lalube suna neman sabon sauti. A cikin wannan hali ne, a 1971, wasu mutum bakwai baƙaƙe da ke zaune a Landan suka fitar da faifansu na farko, wanda suka sa masa sunan ƙungiyarsu, Osibisa.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a karɓar magana sai an san isnadinta, wato wa ya faɗa, daga wa ya ji. To, ga isnadin wannan faifai. Shugaban ƙungiyar, Teddy Osei, an haife shi a Kumasi, ya ƙware a busa saksafon da sarewa da kiɗan ganga, kuma tun a shekarun 1950 ya kafa ƙungiyar hailaif mai suna Comets a Kumasi, kafin ya tafi Landan a 1962 neman ilimin kiɗa. Ƙanensa Mac Tontoh mai busa begila ya yi aiki da ƙungiyar Uhuru, wadda tana cikin manyan ƙungiyoyin hailaif na ƙasar nan. Na ukunsu Sol Amarfio, Ba'ankare, shi ne mai zama bayan jerin gangunan Turawa. A 1969 suka haɗu da Lasisi Amao daga Nijeriya, makaɗi kuma mai busa, da wasu uku daga tsibiran Karibiyan: Wendell Richardson na Antigwa mai jita, Robert Bailey na Tirinidad mai ogan, da Spartacus R na Girenada mai jitar nan mai kaurin murya. Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga cewa zuriyar da teku ta raba shekaru ɗaruruwa ce ta sake zama a ɗaki guda, kowa ya zo da abin da ya gada, na nan da kiɗan da bai taɓa barin gida ba, na can da kiɗan da ya yi ƙaura ya dawo da sabuwar kama.

Akwai kuma wata ibra a cikin shekarar kafuwarsu, wadda bai kamata ɗan Zongo ya wuce ta bai tsaya ba. A watan Nuwamba na 1969 ne gwamnatin Dokta Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takardun zama, dokar da ta girgiza zangunan ƙasar nan, ta raba maƙwabta da maƙwabta, ta sa Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa masu yawa suka ɗaure kaya suka bar gidajen da aka haifi 'ya'yansu a ciki. A daidai lokacin da ake wannan a gida, 'yan Gana uku suna Landan, su da kansu baƙi ne a ƙasar wasu, sun jawo Bayarabe sun zaunar da shi a tsakiyarsu, suna cin abinci a akushi ɗaya, suna gina abin da daga baya ya ɗaukaka sunan Gana a duniya fiye da jawabin 'yan siyasa da yawa.

Kamfanin MCA ne ya buga faifan, Tony Visconti, wanda ya yi suna wajen aiki da David Bowie, shi ya kula da ɗaukar sautin, mai zane Roger Dean kuma ya zana musu giwa mai fukafukai a bango, zanen da ya zama tambarinsu. Faifan ya hau har matsayi na 11 a jerin faifan da aka fi saye a Ingila, abin da ba a saba gani ba ga ƙungiyar da 'yan Afirka suke jagoranta. Waƙoƙi bakwai ne a cikinsa, uku a fuskar farko, huɗu a ta biyu, jimillarsu ta ɗan haura minti 40. Tun shekarar ba ta fita ba suka biyo shi da na biyu, Woyaya, wanda a cikinsa akwai waƙa mai suna Rabiatu, sunan da babu wata unguwa a Tamale da za a rasa mai amsa shi.

To, yaya ake sauraronsa? Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya keɓe babi guda a kan ladubban sama'u, inda ya kawo daga magabata cewa sauraro yana bukatar a kiyaye lokaci da wuri da abokan zama; kuma ko da yake shi maganarsa a kan sauraron ma'abota zikiri take, ƙa'idar tana da amfani ga kowane sauraro na mai hankali. Ku zaɓi lokacin da babu salla a gabanku, babu aiken iyaye a wuyanku, babu karatun da kuka bari. Ku zaɓi wurin da ba za ku dami maƙwabci ko majinyaci ba. Ku zauna da abokai biyu ko uku waɗanda suka iya yin shiru. Ko da a waya za ku ji shi, tun da garmaho ya yi wuya, ku fara daga waƙar farko, ku kife wayar, kada yatsa ya taɓa ta sai an gama waƙa ta uku, sannan ku ɗan numfasa gwargwadon yadda mai garmaho yake tashi ya juya faifai, ku ci gaba.

A zaman farko kada ku nemi fahimtar kome, ku bar faifan ya bi da ku yadda masu shi suka tsara. Za ku ji ya buɗe da The Dawn a hankali, da muryar mai gabatarwa da sarewa, sauti yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kowane makaɗi yana shigowa a kan gaɓarsa, har abin ya cika ya batse. Daga nan sai Music for Gong Gong, wadda aka sa mata sunan ƙarfen nan da mai shela yake bugawa a garuruwan kudu in sarki yana da sanarwa, ɗan'uwan kugen da muka sani a fadar sarakunan Hausa. A cikinta ne masu busa suke fitowa gaba ɗaya da murya guda, sannan su ja da baya su bar wa ganguna fili. Ayiko Bia ta rufe fuskar farko da amshi na taron jama'a, irin na masu aikin gayya. Fuska ta biyu ta buɗe da Akwaaba, marhabin ta mutanen Asante, ta bi ta kan Oranges mai sauƙin shiga kunne, ta ƙare da Think About the People, wadda aka rera da Turanci, inda bayan duk raha da annashuwa aka juyo da mai sauraro zuwa ga tunanin halin da talakawa suke ciki. Wanda ya tsinci waƙa ɗaya daga tsakiya ba zai taɓa gane cewa tafiya ce aka shirya daga fitowar alfijir zuwa wa'azi ba.

A zama na biyu sai ku ɗauki abin kiɗa guda ku bi shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, kamar ba ku jin sauran. A nan ne ku 'yan Tamale kuke da wata falala wadda saurayin Landan na 1971 ba shi da ita, ko da ya fi ku kuɗin sayen faifai. Kun tashi kuna jin lunsi, makaɗan Dagomba, a wajen suna da biki da jana'izar manya da hawan Damba a watan Rabi'ul Awwal. Kunnenku ya riga ya san cewa gungon, babbar gangar nan mai tsirkiya, ita take riƙe ƙasa, lunga kuwa, 'yar'uwar kalangunmu, ita take magana a sama, babban makaɗi ya jefa, sauran su amsa, kowa yana bugawa a gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Wannan ilimi ne mai daraja, har wani Ba'amurke, John Miller Chernoff, ya zo garin nan a shekarun 1970 ya durƙusa gaban Alhaji Ibrahim Abdulai yana ɗaukar darasi, ya kuma wallafa littafi a 1979 a kan hikimar kiɗan Afirka. Da wannan kunne ku saurari Osibisa, za ku tarar jitar Spartacus mai kaurin murya tana aikin gungon, gangunan hannu suna zance a bisanta, ƙarfe da caki suna riƙe ma'auni ba su gocewa, kiɗa biyu ko uku masu mabambantan taku suna gudana a lokaci guda ba tare da ɗaya ya take ɗaya ba.

A zama na uku ku koma ga abin da ya zo daga waje, domin a nan ne sunan rok ya tabbata a kan faifan. Ku ji yadda Wendell Richardson yake matsa jitar lantarki har ta yi kuka mai tsawo irin na almajiran Hendrix, da yadda ogan ɗin Robert Bailey yake cika sararin da ke tsakanin ganguna da masu busa, da yadda busar Osei da Tontoh take ɗauke da ƙamshin hailaif na zamanin E. T. Mensah da Tempos, gauraye da jaz na Amurka. Abin lura shi ne, a galibin faifan rok na wancan zamani jita ce sarauniya, ganga baiwarta ce mai bin ta a baya; a nan kuwa an juya al'amarin, ganga ce mai gida, jita baƙuwa ce da aka karrama, aka ba ta wurin zama mai kyau, amma ba a miƙa mata makullin gida ba. Wannan shi ne sirrin faifan, kuma shi ne darasin da na fi so ku riƙe: sun ari kayan Bature, sun ƙware a kansu har Bature ya sallama, sannan suka sa kayan suka yi magana da harshen gida.

Kada kuma ku ɗauka Osibisa su kaɗai ne a wannan hanya, domin a waɗannan shekaru ruwa yana gudu ta fuska biyu. Kwasi Dzidzornu, ɗan Gana wanda Turawa suke kira Rocky Dijon, ya buga wa Rolling Stones ganga a 1968. Ƙungiyar Santana ta ɗauki kiɗan Babatunde Olatunji na Nijeriya ta sa a faifanta na farko a 1969. Ran 6 ga Maris 1971, ranar cikar Gana shekara 14 da samun mulkin kai, aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star da ke Ankara, babban birninmu, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Roberta Flack suka yi wasa, wani makaɗin ƙwarya daga arewacin ƙasar nan, Amoa Azangeo, ya hau dandamali tare da Les McCann da Eddie Harris. A shekarar ce kuma Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya yi faifai tare da Fela, makaɗin Legas, a 1973 kuwa Paul McCartney na Beatles ya sauka Legas ya ɗauki faifansa Band on the Run. Wanda ya san wannan tarihi ba zai saurari rok da ƙasƙantar da kai ba, kamar mai leƙen dukiyar wasu ta taga, domin ya san yana da gado a ciki.

Sai dai nasiha ba ta cika sai da mizani. Kun sani malamai sun yi saɓani tun da daɗewa a kan hukuncin kiɗa da bushe-bushe, wasu sun tsananta, wasu sun sauƙaƙa da sharuɗɗa, kuma a garin nan akwai ma'abota kowane ra'ayi. Ni ba mufti ba ne, kowa ya koma ga malaminsa, wanda kuma ya zaɓi tsantseni ya bari gaba ɗaya, kada wani ya yi masa izgili. Amma babu saɓani a kan cewa duk abin da ya shagaltar da kai daga salla, ko ya kai ka majalisar giya da alfasha, ya zama abin gudu. Duniyar rok ta wancan zamani tana da duhunta: Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison ya bi su a 1971, kowannensu yana da shekara 27, kuma shaye-shaye yana da hannu dumu-dumu a lalacewar rayuwarsu. Ku da kuke ganin abin da taramol yake yi wa tsararrakinku a lungunan Tamale ba ku bukatar dogon sharhi. Ƙwaya ba ta taɓa koya wa kowa kiɗa ba. Abin da kuke ji a faifan nan 'ya'yan shekara da shekaru ne na horo, tun daga gidajen rawa na Kumasi har zuwa ɗakunan haya masu sanyi na Landan. Haka nan ba kowane suna ko lafazi da ke jikin faifan ne ya dace da tarbiyyarmu ba, mai hankali yakan ɗauki tsaba ya bar ƙaiƙayi.

Adalci kuma ya sa in gaya muku cewa akwai masu sukar Osibisa da cewa sun tausasa kiɗan Afirka domin ya shiga kunnen Bature, suna gwada su da Fela wanda ya zauna a Legas yana fito-na-fito da hukuma. Sukar tana da ƙamshin gaskiya in an dubi abin da suka yi daga baya, lokacin da suka karkata ga gajerun waƙoƙin rawa irin su Sunshine Day a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda suka fi kawo kuɗi amma ba su kai na farko zurfi ba. Amma faifan 1971 ya kuɓuta daga wannan zargi, domin mafi yawansa kiɗa ne zalla mai tsawo, wanda ba a yanka shi daidai bukatar gidan rediyo ba, kuma a ganina shi da Woyaya su ne ƙololuwar aikinsu.

Ga waɗanda suke sha'awar sana'ar waƙa daga cikinku, ina da kalma ta musamman. Abin alfahari ne yadda Fancy Gadam da Maccasio suka cika babban filin wasa na Tamale da waƙoƙin Dagbanci, suka nuna cewa ɗan arewa ba sai ya canza harshe kafin a saurare shi ba. Amma ku sani akwai wani gibi a tarihinmu: dokar hana fitar dare da aka yi daga 1982 zuwa 1984, haɗe da tsadar kayan kiɗa, ta kashe ƙungiyoyin makaɗa masu yawa a ƙasar nan, daga baya kwamfuta ta zo ta maye gurbinsu, har aka sami zuriyar da take zaton kiɗa abu ne da mutum ɗaya yake dannawa a ɗaki. Kwamfuta ba ta kuskure, amma kuma ba ta sauraron kowa. Mutum bakwai da suke kiɗa tare kuwa dole kowannensu ya ji shida kafin ya ji kansa, ya san lokacin shigarsa da lokacin ja da bayansa, ya haƙura da gurbin da aka ba shi. Ku koyi abin kiɗa guda da hannunku, ko jita, ko goge, ko lunga, ku je gidan lunsi da goronku da ladabinku ku nemi a koya muku, tun da dattawan da suka riƙe ilimin suna raye. Wiyaala, 'yar Funsi, ta sake rera waƙar Woyaya ga mutanen zamaninku, ta nuna cewa tsohon abu yana karɓar sabuwar murya in an riƙe shi da mutunci.

Masu faifan dai sun fara ƙarewa: Mac Tontoh da Spartacus R sun rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei kuma a Landan a watan Janairu na 2025. Tsararrakinsu da suka ji wannan kiɗa yana sabo, tsofaffin malaman makaranta da direbobi da teloli da ma'aikatan gwamnati, suna nan a cikin gidajenku, wasunsu ma da faifan a ƙasan akwati. Ku tambaye su inda suka fara jin sa da halin da gari yake ciki a lokacin, ku rubuta abin da suka faɗa muku. In kun sami faifai, ku riƙe shi ta gefe, ku goge masa ƙurar hunturu da tattausan ƙyalle, ku jingine shi a tsaye nesa da rana, kada ku bari yara su mai da shi abin wasa. Sannan ku ware minti 40 daga cikin mako, ku zauna ku saurari abu guda har ƙarshensa, domin wanda ya iya wannan zai iya zama gaban malami har a shafa fatiha, zai iya jin maganar mahaifinsa ba tare da ya katse shi ba. Allah Ya ba ku kunnen basira, Ya yi muku albarka. Haza wasalam.